Idan kyanwar gida ta kwanta, wa ke da alhakin jinyarta?

A wata majalisa da ke bakin titi a unguwarmu, bayan sallar la'asar, na ji wani magidanci yana ba abokansa labarin yadda ya rabu da kyanwar matarsa. Kyanwar ta daina cin abinci, idanunta sun cika da kwantsa, tana amai a tsakar gida, matar kuma ta matsa masa da maganar a kai ta wurin likitan dabbobi. Da ya ga maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ya jira ta tafi unguwa, ya cusa kyanwar a buhu, ya ba wani yaro kuɗin adaidaita sahu ya ce ya kai ta can bayan gari ya yar. Da uwargida ta dawo tana cigiya, ya ce mata wataƙila ta bi muzuru ne. Majalisa ta kwashe da dariya, har wani ya ce ai da kuɗin likitan kyanwa gara a ƙara wa yara kifi a miya.

Dariyar ce ta fi tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa a wurin da yawa daga cikinmu abin da mutumin ya yi dabara ce ta namiji mai iya tafiyar da gida.

Ra'ayina shi ne, duk gidan da ya yarda kyanwa ta zauna a cikinsa, ana zuba mata ragowar abinci tana tsare masa sito daga ɓera, to ranar da ta kwanta jinyarta ta hau kan gidan gaba ɗaya, miji da mata. Ana iya samun saɓani a kan yawan kuɗin da za a kashe, da wanda zai yi wane aiki, kuma wannan saɓani ne mai ma'ana wanda ake zama a warware. Amma jefar da ita a ɓoye, ko barinta ta mutu da ƙishirwa a lungu, ko ɗura mata maganin mutane don a huta da mita, ba sa cikin abubuwan da mai gida ko uwargida ke da zaɓi a kansu. A ɗaya gefen kuma, wanda yake ƙaunar kyanwar ba shi da hurumin jibga wa abokin zamansa wahalarta, ko ya taɓa kuɗin gida a ɓoye saboda ita.

"Mutane ma ba su samu magani ba"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 ba ya kai magidanci mai iyali ƙarshen wata. Mutumin da yake lissafin awon masara da kuɗin makaranta da kuɗin haya, idan aka ce masa ya ware wani abu don kyanwa, ba abin mamaki ba ne ya ji kamar ana yi masa ba'a. Addini ma ya ce mutum ya fara da waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa. Idan zaɓin ya zama tsakanin maganin zazzaɓin yaro da allurar kyanwa, babu mai hankalin da zai tsaya shawara.

Sai dai a gidaje da yawa zaɓin bai kai nan ba, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane haka. Mu dubi ragon layya. Idan Babbar Sallah ta matso, ragon da aka ɗaure a soro ya ƙi cin dusa ya sunkuyar da kai, wannan magidancin da ya ce ba shi da ko sisi shi ne zai bar kasuwa ya nemo mai duba dabbobi, a yi allura, a ba da maganin tsutsar ciki, ya kwana yana leƙawa. Haka masu kiwon kaji da masu tattabaru suke yi idan ciwo ya shiga keji. Ba a jin kowa yana cewa mutane ma ba su samu magani ba. Dalilin a fili yake: rago kuɗi ne a tsaye, kyanwa kuwa ba ta da farashi a idonmu, duk da shekarun da ta yi tana hana ɓera fasa buhun shinkafa da cinye takardun yara.

Abu na biyu shi ne, mafi yawan masu cewa kuɗin likitan dabbobi ya fi ƙarfinsu ba su taɓa zuwa sun tambaya ba. A birnin Kano akwai asibitocin dabbobi na gwamnati, kamar na Gwale da na Kundila, ban da likitoci masu zaman kansu, kuma matsalolin da suka fi kwantar da kyanwar gida, irin su tsutsar ciki da ƙuma da mura da ciwon da ta samo wajen faɗa, ba aikin tiyata suke buƙata ba. Mutum ya je, a duba, a faɗa masa abin da ake buƙata, sannan ya dawo gida su zauna da matarsa su ga ko aljihu zai ɗauka. Wanda ya yanke hukunci kafin ya ji farashi, ba talauci ne ya yi magana a bakinsa ba.

Kowa a Kano ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Na taɓa jin wani ya juya wannan hadisi ya kafa hujja da shi, yana cewa ai laifin matar shi ne ba ta sake ta ba, shi kuwa sakinta ya yi. Wannan fassara ba ta tsayuwa. Sakin da ake nufi shi ne na dabbar da za ta iya nema wa kanta abinci. Kyanwar da ba ta iya tsayuwa, aka ɗauke ta daga gidan da ta sani aka ajiye ta a kan juji ko bakin kududdufi, inda karnuka suke yawo yara kuma suke jifa, babu abin da za ta kama ta ci. An dai canza mata wurin mutuwa ne don kada a gani. Kuma a waɗannan littattafai biyu ne aka ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, inda Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kyautata wa duk wani abu mai rai.

Sulhun da yake kashe kyanwar

Akwai wani sulhu da ma'aurata suke yawan yi idan gardama ta yi tsawo. Ita tana cewa a je asibiti, shi yana cewa babu kuɗi, daga ƙarshe sai ya ce: "To, ki ɓare Panadol ki jiƙa mata, gobe ma gani." Kowa sai ya ji ya sauke nauyi. Wannan sulhun ya fi gardamar muni.

Farasitamol, wato sinadarin da ke cikin Panadol da ire-irensa, guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da hantar ɗan Adam take amfani da shi wajen narkar da maganin, saboda haka yana lalata mata jini har ya kasa ɗaukar iskar da take shaƙa. Dasashinta sai ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak su kuma ƙoda da ciki suke illatawa. Idan ta mutu washegari sai a ce kwananta ne ya ƙare, mijin ma ya ƙara da cewa ai ya faɗa ba za ta tashi ba, alhali hannun masu jinya ne ya ƙarasa ta.

Haka abin yake ga maganin ƙwari. Wani ya ga ƙuma a jikin kyanwa sai ya ɗauko piya-piya ya yayyafa mata, ko ya shafa mata maganin kaska da aka yi don karnuka. Da yawa daga magungunan karnuka suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Ita kyanwa dabba ce mai lasar jikinta, duk abin da aka shafa mata ciki zai koma. Wani lokaci ma ciwon daga gidan ya samo asali: an sa maganin ɓera a bayan buhu, ko ta lasa ko ta ci ɓeran da ya ci. Gidan da ke da kyanwa kuma yake zuba gubar ɓera yana aiki biyu da suke cin karo da juna.

Ko abincin jinya ma ana kuskure a kansa da kyakkyawar niyya. Madarar da muke ganin ita ce gatan kyanwa tana sa yawancin manyansu zawo. Albasa da tafarnuwa, waɗanda romonmu ba ya rabuwa da su, suna farfasa mata ƙwayoyin jini. Abin da ya fi shi ne ɗan nama ko kifi da aka dafa da ruwa zalla, aka cire ƙaya, da ruwan sha mai tsabta a kusa da inda take kwance. Tuwo da shinkafa kaɗai ba sa riƙe kyanwa, domin halittarta ta cin nama ce.

Akwai kuma halin da "gobe ma gani" yake zama hukuncin kisa ko ba a ba da wani magani ba. Muzurun da yake ta tsugunawa yana yunƙuri yana kuka amma fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce ta toshe, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya mutuwa. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci komai ba, musamman mai ƙiba, hantarta tana iya taɓuwa. 'Yan ƙanana masu amai da gudawa kuwa ruwan jikinsu nan da nan yake ƙarewa. Ma'auratan da suka san waɗannan alamomi za su rage rabin gardamarsu, domin za su bambance ciwon da ake iya jira a gani da wanda jira ba ya cikinsa.

Tsoron cuta, musamman idan uwargida tana da juna biyu

A nan hujjar mai son a fitar da kyanwa tana da tushe, amma tushen ya cakuɗa da ji-ta-ji-ta. An daɗe ana cewa kyanwa tana hana mace haihuwa, har uwar miji takan zo takanas ta ce a fitar mata da wannan dabba daga gidan ɗanta. Abin da likitoci suka sani shi ne akwai wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma da kyanwa ke fitarwa a kashinta, kuma idan mace ta kamu da ita a karon farko tana da ciki, tana iya cutar da ɗan tayi. Wannan gaskiya ne, ba a wasa da shi.

Amma yadda cutar take yaɗuwa shi ne ya kamata ya yanke gardamar. Ƙwayar ba ta zama mai kamuwa sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a ajiye, saboda haka kwashe shi kullum yana rage haɗarin ƙwarai. Kyanwar da ta kamu makonni kaɗan take yi tana fitar da ƙwayar. Sannan mutane suna kamuwa ta naman da bai dahu sosai ba, da ganyen da ba a wanke da kyau ba, da taɓa ƙasa a ci abinci ba a wanke hannu ba. Wanda ya kori kyanwa amma yana kawo wa mai ciki tsiren da cikinsa bai gasu ba da latas ɗin da aka ɗauraye sama-sama, bai kawar da haɗarin ba.

Abin da wannan bayani yake nufi a aikace shi ne mai ciki ta daina kwashe kashin kyanwa, wani ya karɓi aikin. Kuma a nan ne ake gane damuwar wasu mazan. Idan tsoron lafiyar matarsa ne ya dame shi da gaske, ga hanya: ya sa safar hannu ko leda, ya zubar da yashin da take kashi a ciki kowace safiya, ya wanke hannu da sabulu. Aikin minti kaɗan ne. Wanda ya ce girmansa ya wuce wannan, amma bai wuce cusa dabba mara lafiya a buhu ba, to ya nemi wani dalilin ya bar fakewa da cikin matarsa.

Makero yana iya tashi daga kyanwa ya kama yara, saboda haka idan aka ga gashinta yana zubewa wuri-wuri a zagaye, a ware ta a hana yara ɗaukarta har a yi mata magani. Murar kyanwa da aka saba gani, mai atishawa da kwantsa, ba ta kama mutane. Ciwon haukan kare shi ne wanda ba a sassauci a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da suke kamuwa daga karnuka suke samu, amma kyanwa ma tana ɗauka idan dabba mai ciwon ta cije ta. Idan kyanwa ta canza hali farat ɗaya, tana dalalar da yawu tana kai cizo, a rufe ta a ɗaki a kira likita, kada kowa ya kama ta da hannu. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Allurar rigakafin wannan ciwo ana yi wa kyanwa tun tana wata uku, kuma da ana yinta da wannan fargaba ba ta shigo gida ba.

Inda na yarda cewa kyanwa ta bar gida shi ne idan wani a gidan yana da asma ko borin jiki, kuma likita ya tabbatar zama da ita ne yake tayar masa. Numfashin ɗan Adam yana gaba. Ko a nan ma, barin gida yana nufin a samo wanda zai karɓe ta da saninsa da sanin masu gidan duka.

Maganar najasa kuwa malamai sun daɗe da gama ta. A hadisin Abu Ƙatada da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne. Kashinta da fitsarinta su ne najasa, kuma ruwa yana gusar da su kamar kowace najasa. Kyanwar da take zawo a keɓe ta a wuri guda nesa da inda ake sallah da inda ake girki, shi ke nan.

Idan mijin ne mai kyanwar

Kada a ɗauka kullum mace ce mai tausayi namiji ne mai buhu. Na san gidajen da maigida ne ya shigo da kyanwa, wani lokaci irin mai dogon gashin nan ta Farisa da ake tallarta a Instagram, ya sa mata suna, yana ɗaukarta hoto. Da safe ya kama hanyar Kantin Kwari ko ofis, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Ranar da ta kamu da gudawa, uwargida ce za ta wanke kafet, ta goge amai a ƙarƙashin kujera, ta kama ta ta ba ta magani tana shan yakushi, ga girki ga yara ga wanki. Shi kuma da dare tambayarsa ɗaya: "An ba ta maganinta kuwa?" Idan ta ce "Wallahi Malam na gaji da wannan dabba," sai ya ce ba ta da imani.

Wannan mata tana da gaskiya. Jinya aiki ne, kuma wanda ya shigo da dabba ba tare da shawara ba shi ne farkon wanda aikin ya kamata ya hau kansa. Kiwon kyanwa ba ya cikin abin da aka ɗaura aure a kansa. Tausayin da mutum yake yi da jikin wani ba shi da wuya. Idan yana son kyanwarsa ta tashi, ya ba ta maganin safe kafin ya fita, ya ba ta na dare idan ya dawo, ya ɗauke ta da kansa zuwa asibiti, kuma idan matarsa ta taimaka da rana ya san alfarma ta yi masa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kyanwar ɗakin wata ba ta san iyakar ɗakuna ba, kuma amai ɗaya a ƙofar abokiyar zama ya isa ya tayar da tsohuwar rigima. A irin wannan gida, da gidan haya na mutane da yawa, keɓe mara lafiyar a ɗakin mai ita wajibi ne.

Sai maganar kuɗi daga ɓangaren mata. Idan mace ta rage kuɗin cefane a ɓoye ta kai kyanwa asibiti, ta yi kuskure, ko da niyyarta mai kyau ce, domin amana aka ba ta don wani abu daban. Amma idan kuɗinta ne, na sana'arta ko na adashinta ko albashinta, ban ga dalilin da miji zai hana ba. Dukiyar mace tata ce a shari'a. Ko a mazhabar Malikiyya da muke bi, inda aka ba miji ta cewa a kan kyautar da matarsa za ta yi, sai kyautar ta haura sulusin dukiyarta, kuma kuɗin maganin tsutsar ciki ba zai je ko kusa ba. Mijin da ba ya magana idan ta sayi ankon biki, amma ya murtuke fuska don ta sayi maganin kyanwa, ya tambayi kansa ko kuɗin ne yake ba shi haushi ko kulawar da ya ga ana ba wani abu ba shi ba.

Akan ce wai wannan duk ɗabi'ar Turawa ce aka kwaso. Saya wa kyanwa riga da yi mata bikin zagayowar haihuwa, wannan kam ba namu ba ne, kuma ba shi nake karewa ba. Amma kakanninmu a cikin birni sun zauna da kyanwa, sun ajiye mata kasko, kuma yaron da ya jefe ta ya sha faɗa. Su kuma masu cewa kyanwar da take kuka da dare aljana ce ko turen maƙiya, musamman idan baƙa ce, su lura cewa dabba mai ciwo tana kuka, mai neman muzuru ma tana kuka. Mutum ya yi addu'o'insa na kwanciya barci, da safe ya duba ko ƙafarta ce ta karye.

Ƙaryar da ake yi bayan an jefar

Ko da mun ajiye hakkin dabbar a gefe, akwai hakkin abokin zama. Matar da aka ce mata kyanwarta ta gudu za ta yi kwanaki tana aika yara maƙwabta, tana ajiye abinci a bakin ƙofa. Irin wannan magana ba ta ɓuya a unguwa, domin yaron da aka aika yana da abokai, abokan kuma suna da iyaye mata. Ranar da ta ji gaskiya, abin da zai zauna mata a rai shi ne mijinta yana iya kallon idonta ya shirya mata labari, yana ganin tana wahalar nema bai ce komai ba. Daga nan duk abin da ya ɓace a gidan, da duk dalilin da ya kawo na dawowa a makare, sai ta auna shi da wannan. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, gardama a kan kyanwa tana wucewa cikin mako guda, amma zargi yana daɗewa.

Yara ma suna kallo. Su ne suka fi kowa shaƙuwa da kyanwar, su ne kuma ake aika su yar da ita. Uban da ya koya wa ɗansa cewa abin da ya daina amfani ana sa shi a buhu a kai bayan gari, kuma a dawo a yi wa uwa ƙarya, ya ba shi darasi biyu a rana ɗaya, kuma babu wanda zai so ɗan ya riƙe ko ɗaya.

Idan ciwon ya fi ƙarfin magani ko ya fi ƙarfin aljihu

Ba kowace kyanwa ce take tashi ba, kuma ban ce a ci bashi ko a sayar da kayan ɗaki don tiyatar kyanwa ba. Idan likita ya faɗi kuɗin da gidan ba zai iya ba, a gaya masa gaskiya, a tambaye shi abin da za a iya yi a gida don rage mata raɗaɗi. Inuwa, ruwa, tsumma mai tsabta da abinci mai laushi ba su fi ƙarfin kowa ba. Idan akwai ɗan'uwa ko maƙwabcin da yake da hali kuma yana so, a ba shi a fili, a faɗa masa ciwon da take da shi.

Idan kuma mota ta take ta, ko ciwo ya ci jikinta har likita ya ce babu tashi, sai azaba kawai take sha, malamanmu ba su bar wannan babu magana ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil an ambaci halascin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, kuma masu sharhi sun bayyana cewa don a hutar da ita ne. Likitocin dabbobi a yau suna da allurar da take yin wannan aiki ba tare da wahala ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da nake jaddadawa shi ne likita ne zai ce an yanke ƙauna, ba wanda ya gaji da wanke tsakar gida ba, kuma miji da mata su yanke shawarar tare, a gaya wa yara abin da ya faru daidai hankalinsu.

Da yawa daga wannan rigima tun ranar da 'yar kyanwa ta shigo ake iya kashe ta. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, shi ya sa gidan da ya fara da ɗaya yake wayar gari da shida, ciwo kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Likitocin dabbobi suna yin aikin hana haihuwa ga mace, suna fiɗiye muzuru, wanda hakan yake rage masa yawo da faɗa. Kafin a ce wa yara "ku bar ta ta zauna," miji da mata su yi magana a kan wanda zai kwashe kashi, da wanda zai kai ta rigakafi, da iyakar kuɗin da gidan zai iya fitarwa idan ta kwanta. Idan ɗayansu ya ce shi ba zai iya ba, a mayar da ita wurin uwarta tun tana da lafiya.